Galan ɗin Ruwa a Motar Baba

Mahaifina direba ne. Tun kafin a haife ni yake jan mota tsakanin Shagari da Bodinga da Sakkwato, kuma wadda na fi saninsa da ita wata tsohuwar mota ce mai dogon baya, launin ƙasa, wadda sai an ɗaure ƙofar bayanta da igiya. Fasinja a gaba da tsakiya, buhunan albasa ko gero a baya, wani lokaci har da akuya. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi mini hidimar karatu har na zama malamar kimiyya a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Bodinga, inda kuma aure ya ajiye ni. Tun da na kama aiki ya koma kirana Malama. Da farko tsokana ce, daga baya sunan ya zauna.

Shekarar da aka cire tallafin mai, sana'arsa ta shiga wani hali. Mutanen da ke zuwa Sakkwato duk mako suka koma zuwa sai dole ta kama. Mota takan wuni a tasha ba ta cika ba, in kuma ta cika, abin da aka samu yakan ƙare a gidan mai. Baba ya fara kashe mota a gangara, yana barin ta ta sulala da kanta, abin da a da yake yi wa matasan direbobi faɗa a kansa. Inna ta gaya mini akwai ranakun da ba ya ma fita, sai ya wanke motar ya zauna kusa da ita da carbi a hannu.

Wata Laraba bayan la'asar ya biyo gidana. Ba al'adarsa ba ce ya shiga gidan surukinsa, yakan tsaya a waje ya aiko a kira ni. Ran nan ma a zaure ya zauna. Na kawo masa ruwa na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gaggauce, sannan ya ciro wani abu daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan tabarma. Siririyar roba ce irin ta ƙarin ruwa a asibiti, da ɗan maƙunnin nan nata da ake murzawa a rage gudun ɗigo.

"Malama, wani abu nika son ki duba mani," in ji shi. "Wani mutum ya zo tasha, ya ce ana ba mota ruwa ta sha tare da mai. Galan guda cikin bonet, wagga roba ta riƙa ɗiga ma kafireta, inda mai ka bi shi shiga inji, kaɗan-kaɗan. Ya ce mai na raguwa sosai. Bakanikena ya ce shi bai sani ba, amma in ina so shi ɗaura mani. Ni ko na ce ba ni yin komi sai ɗiyata ta duba."

Na ce ya ba ni minti kaɗan. Na shiga ciki na ɗauki waya na bincika, kuma ban sha wahala ba. Abin yana da asali. An daɗe ana fesa ruwa a cikin injin wasu jiragen sama da motocin tsere, don ya sanyaya wurin da mai ke ƙonewa. Amma a can akwai famfo da na'urar da ke auna ruwan, ana fesa shi ne kamar hazo, a daidai lokacin da injin ke buƙata, kuma ruwan tatacce ne. Na kuma karanta, da idona, cewa a mota irin ta yau da kullum ragin man da ake samu bai taka kara ya karya ba, in ma an samu, kuma idan ruwa ya wuce kima ya shiga injin, ɓarnar ba ƙarama ba ce. Ruwa ba ya ƙonewa, kuma ba ya matsuwa. Wannan ina koya wa ɗalibaina shi a aji.

Na fito na same shi yana jujjuya robar a hannu. Ya ɗago ya dube ni. Na fi shekara ban ga irin wannan kallo a fuskarsa ba, kallon mutumin da ya hango mafita.

"To, mi kinka gani?"

Na ce, "Baba, gaskiya ne ana yi. Har a jiragen sama ana yi."

"Jirgin sama!" Ya yi dariya har da buga cinya. "To ina mota ina jirgi? In jirgi ya sha ruwa ya tashi, tawa mi za ya hana ta zuwa Shagari?"

Na buɗe baki zan ci gaba. Sauran maganar tana kan harshena. Sai na ce, "Amma a bi a hankali, kar ruwan ya yi yawa." Ya ce ai wannan ba sai an faɗa ba. Ya miƙe, ya sa mini albarka, ya fita yana sauri kamar saurayi.

Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa na tsaya a nan. Akwai tausayi a ciki, ban musa ba. Amma akwai wani abu da ya fi tausayi muni. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kashe wa karatuna abin hannunsa, ran nan ne karo na farko da ya zo ya nemi karatun ya yi masa amfani. Ban so amsar farko da zan ba shi ta zama a'a.

Washegari aka ɗaura. A tasha kuwa ya baza labari cewa 'yarsa malamar kimiyya ta bincika ta tabbatar. Mijina ne ya kawo mini wannan, yana dariya, ya ce na yi suna a cikin direbobi, har mutum biyu sun bi sahun Baba. Ni ban yi dariya ba.

Bayan kamar mako uku na bi shi zuwa Shagari don in gaida Inna. Ya ajiye mini kujerar gaba. Kafin mu tashi ya buɗe bonet ya nuna mini galan ɗin, an ɗaure shi da tsohuwar robar taya kusa da batir, ruwa na ɗiga a hankali cikin siririn bututun. Daga rijiyar masallacin tasha yake ɗebowa. A hanya na lura da yadda yake tuƙi. Ba ya taka totur da ƙarfi, ba ya wuce kowa, yana sauraren injin kamar mai sauraren numfashin jariri. Na gane cewa in ma akwai man da ya ragu, ƙafarsa ce ta rage shi, ba ruwa ba. Muna wuce mararrabar Sifawa ya juya ya ce wa fasinjojin baya, "Kun gan ta nan, ita ta duba mani." Wata tsohuwa ta ce Allah ya ƙara ilimi. Na ce amin, na mai da fuskata taga.

A gida na ga Inna ta saki jiki. Ta ce ya dawo da cin abinci sosai, ya dawo da hira. Na yi niyyar in ja shi gefe kafin in tafi, sai na ga yana wasa da jikokinsa a tsakar gida, na ce bari sai wani zuwan.

Abin ya faru ne a tsakiyar bazara, lokacin da albasa ta fito. Ya yi lodi a Lambara zai kai Sakkwato, ya tsaya sallar azahar a bakin hanya, ya kashe mota a rana. Yadda bakanike ya bayyana daga baya, zafi ne ya sa robar ta saki, maƙunnin ya daina riƙewa, ruwan galan ya tsiyaye gaba ɗaya cikin injin yana can yana salla. Da ya dawo ya murza makulli, motar ta yi wata ƙara guda ɗaya, kamar an buga guduma a kan ƙarfe, ta yi shiru. Ya sake murzawa. Bai kamata ya sake ba, amma wa zai gaya masa?

Aka sauke albasar mutane aka ɗora wa wata mota, aka jawo tasa da igiya zuwa garejin Bodinga. Ina tashi daga makaranta na wuce can. Na tarar an buɗe injin an baje kayansa a kan buhu. Bakaniken, wani dattijo ne abokin Baba na shekaru, ya ɗago wani ƙarfe ya nuna mini, ya lanƙwashe kamar an taka kara. Baƙin man da aka tsiyaye ya koma fari-fari kamar shayi mai madara. Ya ce jikin injin ma ya tsage, babu zancen gyara, sai dai a sa wani. Bai dube ni ba da yake magana, ni ma ban iya duban sa ba.

Baba yana zaune a kan benci, hularsa a gwiwa. Na durƙusa a gabansa, a cikin baƙin mai da ƙasa, na ce, "Baba, akwai abin da ban gaya maka ba ran nan. Na karanta cewa hakan na iya faruwa. Na gani, na yi shiru."

Ya dubi inda na durƙusa. Sannan ya ce, "Tashi, tuhwanki za su ɓaci."

Na ce, "Baba, ka ji abin da na ce?"

"Na jiya." Ya mai da hularsa kai. "Tahi gida, mijinki na jira."

Iyakar abin da ya taɓa cewa ke nan a kan maganar, har yau. Bai yi mini faɗa ba, bai ce ya yafe ba, bai ce babu komai ba. Na so a ce ya zage ni a gaban mutanen garejin.

Wani injin ya fi ƙarfinmu, ko da mun haɗa hannu ni da mijina da ƙannena. Mun gwada. Motar ta yi damina guda a bayan gareji, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, tayoyin suka kwanta. Sauran direbobin biyu suka cire nasu galan tun a makon, mutumin da ya kawo robar kuma ba a sake ganinsa a tasha ba. Bayan girbi Baba ya kira masu sayen tsohon ƙarfe. Bai je wurin ba ranar da suka zo. Bakaniken ne ya tsaya, ya ce sun yanka ta gida uku kafin su loda.

Na ɗauka zai koma gona, don muna da 'yar gona a wajen Mandera, amma gwiwoyinsa ba su yarda ba, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi zaman gida ciwo ne a gare shi. Abokan aikinsa suka ba shi wuri a tashar Bodinga, yana kiran fasinja yana shirya lodi a motocin wasu. Kullum da safe sai wani ya rage masa hanya daga Shagari, da yamma wani ya mai da shi. Yaran da ya koya wa tuƙi su ne yanzu ke miƙo masa ɗan abin da ya samu ta taga idan mota ta cika. Suna girmama shi, ba na cewa ba sa yi. Amma na ga yadda yake karɓa, yana kallon wani wuri.

Har yanzu yana ce mini Malama. Bai sake tambayata komai ba, ko da maganin da likita ya rubuta masa ne, ƙanena yake miƙa wa ya karanta masa. Ban san ko da gangan yake yi ba.

Watan jiya na je tasha zan tafi Shagari. Daga nesa na jiyo muryarsa ta dushe yana kiran saura mutum biyu. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Da ya gan ni ya karɓi jakata ya sa a baya, ya ce wa wani saurayi ya matsa ya ba ni gefen taga. Na ce ya zo mu tafi tare, rana ta yi zafi, ya ce akwai sauran motoci uku a layi. Ya rufe ƙofar, ya leƙa ya ce wa direban ya tafi a hankali, hanyar ta lalace bayan gada. Motar ta tashi. Na waiga na gan shi ya riga ya juya, yana ɗaga hannu yana kiran mutanen mota ta gaba.