Ranar da Malam Ya Zauna a Ajina

Shekarar da aka fara maganar shari'a a Jigawa, ina koyar da adabi a wata makarantar 'yan mata da ke kan hanyar Kiyawa. Ban daɗe da fara aiki ba. Muryata ma ba ta kai ƙarshen aji, sai ɗalibai sun yi tsit.

Littafin da muke karantawa tsohon labari ne na wani mashayi da ya ɓata ƙuruciyarsa, daga ƙarshe ya amsa laifin ƙaninsa, aka ɗaure shi har mutuwa. Ina son littafin nan yadda ake son inuwar tsamiya da rana tsaka.

Sai mahaifin wata ɗalibata, malami mai makarantar allo a Dutse, ya kawo ƙara a kan littafin. Shugabar makaranta ta ce zai zauna a darasina. Idan bai gamsu ba, a kwashe littattafan a kulle.

Ya zo da farin rawani, ya ƙi kujera, ya zauna kan benci a baya. Na karanta babin ƙarshe da Turanci, ina fassarawa da Hausa. Da na gama ya yi gyaran murya.

"Malama, mashayi kika ba yaranmu su yi koyi da shi? Kuma a ina aka ce wani yana ɗaukar laifin wani?"

Na koma kallon akuyoyi ta taga kamar su za su cece ni.

'Yarsa ce ta miƙe, yarinyar da ko tambaya ba ta taɓa yi ba. Kanta a ƙasa ta ce, "Allah gafarta Malam, ai a zaurenmu ma ana yi. In za ka daki ƙaramin yaro, wansa ya fito ya kwanta ya ce a dake shi a madadinsa, ajiye bulalar kake yi."

Malam ya daɗe yana shafa gemu.

"Haka na tarar ana yi tun zamanin kakanki," in ji shi. Sai ya yi murmushi. "Kuma abin mamaki, yawanci wanda ya fi kowa rashin ji shi ke fitowa."

Nan bakina ya buɗe. Na ce, "To Malam, bayan mara jin nan ya tashi daga ƙasa, yaya kake ganinsa?"

"Ba na ƙara kiransa mara ji."

"Abin da nake koya musu ke nan."

Ya miƙe, ya karkaɗe riga. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa 'yarsa ta zo da littafin gida, ta fassara masa daga farko, don yana son jin inda mutumin ya fara lalacewa.

Da aka tashi, ban tsaya jiran mota ba. Na bi gefen gonakin gero da ƙafa, na rungume littafin a ƙirji, duwatsun Dutse suna ta matsowa gabana.