Baba Elias da Allunan Layin Dogo

Elias ɗan Kafanchan ne, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife shi. Aiki ya kawo shi wani ƙauye a ƙasar Madobi yana saurayi, aka ba shi sintirin layin dogo. Kullum da safe zai ɗauki guduma da tutoci biyu, ja da koriya, ya bi dogo a ƙafa yana duba kusoshi da alluna. Da ya yi ritaya bai koma gida ba. Ya karɓi aron gona a bakin kanal ɗin ban ruwa yana noman tumatir da rani, matarsa Paulina kuma ta buɗe shagon tireda. Kowa a ƙauyen Baba Elias yake ce masa.

Ƙauyen yana da wani wuri mai hatsari. Layin da ya taso daga Zariya yana zuwa a miƙe, sai ya yi kwana a bayan wasu bishiyoyin mangwaro, yana fita daga kwanar sai ya ratsa hanyar da manoma ke bi zuwa gonakin rani. Mai tafiya ba ya hango jirgi, direba ba ya hango hanya. Shi ya sa tun zamanin Turawa aka kafa allunan ƙarfe biyu kafin wurin. Na farko yana ɗauke da lamba goma sha biyar, wato direba ya rage gudu zuwa haka. Na biyu harafin W ne, wato ya danna ham. Can kusa da tasha akwai sigina mai hannu: idan hannun ya miƙe jirgi ya tsaya, idan ya sunkuya ya wuce.

Da jirgi ya yi ƙaranci, har a yi watanni ba a ji ƙararsa ba, sai hannun siginar ya ɓace. Aka ce 'yan gwangwan ne, masu neman tsofaffin ƙarafa. Bayan damina allunan biyu ma suka bi shi. Baba Elias ya zaga ƙauyen yana tambaya, kowa ya ce bai gani ba. Wata rana yana wucewa ta bayan gidan Badamasi, wani dillalin tumatir, sai ya ga lamba goma sha biyar tana kallonsa. An yi ƙyauren garken awaki da allon.

Ya yi sallama, Badamasi ya fito yana sakace.

"Malam Badamasi, wannan ƙarfen ba naka ba ne. Ran mutane ne a jikinsa."

"Baba, tsinta na yi a gefen hanya. Kuma wane jirgi? Rabon da ya wuce tun kafin a aske wa ɗana gashin suna."

"Layin bai mutu ba. Ranar da zai zo ba zai aiko maka ba."

"In ya zo ka ɗaga masa jan ƙyallenka," in ji Badamasi, ya koma ciki.

Baba Elias ya je wajen mai unguwa, aka ba shi tabarma da ruwa, aka ce za a duba. Ya yi magana a majalisar bakin masallaci, ya yi a coci. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kowa ya san inda allon yake, kuma kowa tumatirinsa ta hannun Badamasi yake fita, don haka ba mai son ɓata masa.

Jirgin ya zo ana tsakiyar ɗibar tumatir, da rana tsaka. Na kaya ne, direbansa sabo ne a wannan layin. Bai ga allo ba, bai rage gudu ba, bai yi ham ba. Hambali, maƙwabcin Baba Elias a gona, yana tsallakawa da amalanken shanu cike da kwanduna. Ya samu ya yi tsalle, amma ƙafarsa ta karye wuri biyu, shanun kuwa nan take suka mutu. Jirgin bai tsaya ba sai can gaba, tumatir ya yi ja a kan duwatsun layin.

Kafin Baba Elias ya iso daga gona, mutane sun sauko da direban, wani matashi mai suna Suhaibu. Badamasi ne a gaba da gora, yana cewa makaho ne, makashi ne.

Tsohon ya kutsa ya tsaya a gaban Suhaibu, laka har gwiwa.

"Duk wanda zai taɓa shi ya fara da ni. Da me zai san akwai kwana? Wa ya gaya masa akwai hanya? Abin da zai gaya masa yana gidanka, Badamasi, yana tsare maka awaki. Ku kuma duk kun gani kuka yi shiru."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce baƙo ya zage su a garinsu, mutumin da ya shekara fiye da arba'in yana shan ruwan rijiya ɗaya da su. A haka 'yan sanda suka zo suka tafi da direban.

Badamasi ya daina ɗaukar tumatirin Baba Elias, rabinsa ya ruɓe a gona. Shagon Paulina ya yi shiru na wani lokaci. Hambali ne kaɗai, da ya fara takawa da sanda, ya zo har ƙofar gida ya zauna.

"Baba, ni na sani gaskiya ka faɗa."

"To me ya hana ka faɗa a gabansu?"

Hambali ya kalli ƙafarsa. "Ina da iyali, Baba."

Daga baya hawan jini ya kama Baba Elias. 'Yarsa Jemima ta zo daga Kaduna ta ce ba za ta koma ba sai da shi. Ya yi gardama har Paulina ta sa baki, sannan ya yarda. Ranar tafiyar mutane sun taru suna masa addu'a, ya gaisa da kowa. Da Badamasi ya miƙo hannu, ya dube shi kawai ya shiga mota.