Hujin da Gafiri Abdulmuttalib Ya Nema

Shekara ashirin da shida Abdulmuttalib ya yi yana gafiri, wato mai tsaron ƙofar ruwa, a bakin wata ƙaramar tur'a, magudanar ruwa da ke shayar da gonakin auduga kudu da Wad Madani. A hanyar Makka aka haife shi. Iyayensa sun taso daga ƙasar Sakkwato, suka tsaya tsinkar auduga ta kaka ɗaya, ba su ƙara gaba ba. Aikinsa bin takardar ofis ne: buɗe ran kaza, rufe ran kaza. Bai taɓa saɓa mata ba, kuma yana son a san haka.

A 1976 wani babban kamfanin ƙasar waje ya kawo kwamfuta, ita ta koma tsara rabon ruwa. Da aka tuge karan auduga aka ƙone, sai takardarta ta zo: a rufe tur'a kwana arba'in. A da, magatakarda yakan sa a saki ruwa duk kwana biyar, domin ya san Kambon Mato, zangon 'yan ƙwadago mai gida sittin inda Abdulmuttalib da iyalinsa suke zaune, daga nan suke sha.

Ran kwana na tara matarsa Dije ta dire tulu a gabansa.

"Malam, makulli na rataye wuyanka, mu muna tafiyar awa biyu neman ruwa. Jikanka ya fara gudawa da ruwan kududdufi."

"In na buɗe yau, gobe su kawo wani gafiri ya rufe," in ji shi. "Takardar ce ba ta da lafiya."

"To kai mata magani."

Ya ji an ce wakilin kamfanin yana Madani yana sauraron ra'ayin injiniyoyi. Ya hau lori. A ƙofar ofis ya tarar da Sa'idu, wani Bahaushen garin Sinnar mai yin tafinta.

"Baba, taron manya ne."

"Ɗana, wa ya girme ni a ciki?"

Sa'idu ya leƙa, ya ga babu, ya shigar da shi.

Abdulmuttalib ya ajiye makulli a kan tebur, ya nemi a nuna masa abin da injin ke ci. Aka miƙo masa kati mai huji-huji, irin wanda ake sa wa kwamfutar ta karanta.

"Wanga hujin na mi ne?"

"Auduga," in ji Sa'idu, bayan ya tambayi wakilin.

"Wanga fa?"

"Dawa. Na kusa da shi gyaɗa, sai alkama."

"Ina na mutane?"

Wakilin ya yi bayani mai tsawo. Sa'idu ya taƙaita: tsarin na amfanin gona ne, haka ake aiki da shi a ƙasashe da yawa.

"Gaya mishi injin nashi ya iya lissafi, ban raina shi ba. Bana ba mu yi rigimar ruwa da kowa ba lokacin auduga. Amma kun tambayi masu takalmi, ba ku tambayi masu laka a ƙafa ba. Kafin ku sayar wa wata ƙasa, ku aiko mutum ya kwana bakwai a wutsiyar tur'a. Takardar kuma ku buga ta da Larabci, mu ke aiki da ita. Sannan ku ƙara huji ɗaya. Ga kati nan da sauran fili."

Wani injiniya ya yi dariya. Wakilin bai yi ba. Ya tambayi gida nawa ne a kambon, da kambo nawa irinsa. Abdulmuttalib ya lissafo goma sha ɗaya da ka, kowanne da tur'arsa.

A ranar ya koma da takardar hannu mai hatimi daga wakilin, ya buɗe ƙofa kafin la'asar. Dije ta ce ruwan ma ya san ya makara.

Larabcin bai samu ba, ba kuma wanda aka aiko ya kwana. Amma takardar shekarar da ta biyo baya ta zo da sabon layi a gefe, na ruwan sha, duk kwana biyar. Sa'idu ya aiko masa da sabon kati ɗaya. Har ya bar aiki yana cikin aljihunsa, kuma in baƙo ya zauna shan shayi, sai ya ɗaga katin wajen rana, ya sa yatsa a hujin ƙarshe.

"Wanga," yakan ce, "mu ne."