Geron Dauda

Ranar kasuwa ce. Na tashi da kiran sallar asuba daga masallacin ƙauyen da ke gabas da mu. Mu Kiristoci ne, gidaje kaɗan a wata unguwa arewa da Makoɗa, amma da wannan kiran muke tashi tun muna yara. Muka taru a tsakar gida: mahaifina Dauda, ni Bitrus, matata Saratu da 'ya'yanmu biyu. Baba ya yi addu'a. Addu'arsa ba ta da tsawo. Ya gode don kwana lafiya, ya roƙi abincin ranar, ya ce amin. Saratu ta ɗora ɗumame.

An gama girbin gero. Dawa tana tsaye, ba ta nuna ba. Baba ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu ya kwance dami. Aikinsa ke nan kowace kaka, kuma ba ya yarda a taya shi. Kashi-kashi yake yi. Na farko na coci, don godiyar kaka. Na biyu irin gida, zangarniya mafi cika. Na uku irin bayarwa. Abin da ya rage shi ne na ci.

Geron nan gajere ne, mai nuna da wuri. Kakana ya zo da shi. A shekarun fari, da ruwa ya ɗauke tun kafin lokaci, shi kaɗai ya yi ido a yankinmu. Mutane suna ce masa geron Dauda. Dokar Baba a kansa ɗaya ce: iri ba a sayar da shi, ba a hana shi. Musulmi ko Kirista, duk wanda ya roƙa zai tafi da zangarniya a hannu.

Da hantsi Malam Idi ya biyo ta ƙofarmu zai tafi kasuwa. Abokin Baba ne tun suna kiwon awaki, yanzu yana limanci a unguwarsu.

"Dauda, har yanzu kana ƙirga wa Allah zangarniya?"

"Naka nake warewa, Idi. Na san ka cinye na bara."

"Ƙarya kake, tsoho. Ɓeraye ne."

"Na san ɓeran. Rawani gare shi."

Suka yi dariya, ya wuce. Bayansa Sale mai amalanke ya wuce da bijimansa biyu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da aiki." Sale ya ci tuwon gayyarmu a daminar nan. Saratu ce ta ƙara masa miya. Na rubuta wannan a nan domin a nan ya faru.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya babura suka fara wucewa da gudu. Matan unguwa suka dawo daga kasuwa da kayan tallarsu a kai, ba su sayar ba. Wata ta ce ana cewa wani daga cikinmu ya yi baƙar magana a kan addini. Wane ne? Ba ta sani ba. Me ya ce? Ba ta sani ba. Har yau ban gamu da mutumin da ya ji da kunnensa ba.

Kafin azahar muka ji su. Da fari kamar injin niƙa daga nesa. Sannan muryoyi. Sannan ƙararrawar cocinmu, tsohon ƙarfen taya da ke rataye a jikin darbejiya. Wani yana bugawa da sauri. Sai ta yi shiru a tsakiyar bugu.

"Ku fito, arna! Ku fito!"

Na tsaga danga ta bayan gida da adda. Saratu ta goya ƙaramin. Na saɓa yarinyar a kafaɗa. Baba yana biye da sandarsa. Muka ƙetare gonar gyaɗa muka kai bakin gonar dawa. A nan ya tsaya.

"Irin," ya ce.

Na riƙe rigarsa. Na ce, "Baba, Allah zai ba mu wani."

"Allah ya riga ya ba mu wannan. Sake ni."

Ya buge hannuna da sanda. Ban taɓa saɓa masa ba. Yarinya tana kafaɗata tana kuka. Ya juya. Na tura Saratu da yaran cikin dawa, na kwanta rub da ciki a bakin gona inda nake hangen ƙofar gidanmu.

Ga abin da na gani, bi da bi.

Ba su fara da wuta ba. Sun fara da rumbuna. Da buhunansu suka zo, wasu a naɗe a hammata, wasu a ɗaure a bayan babur. Wanda ya fusata don Allah ba ya tsayawa neman buhu. Suka kwance awaki. Suka hau coci suna ɓalle kwanon rufi a hankali, kada ya lanƙwashe. Wani ya fito da tukunyar Saratu, yana tafe yana cin ɗumamen da ya rage da hannu. Wasu biyu suka kama kokawa a kan kekena. Sale yana tsaye a kan amalanke yana nuna gidaje da bulala. "Wancan ma nasu ne! Akwai rumbu a baya!" Ya san bayan, domin a nan muka ba shi ruwan wanke hannu.

Baba ya fito daga zaure da damin iri a kai. Bai yi gudu ba. Ƙafarsa ba ta gudu. Ya yi sallama ga waɗanda ke ƙofa, kamar yadda ya saba. Wani saurayi da ban sani ba ya bi bayansa da gora. Na ji ƙarar. Kamar an fasa ƙwarya. Damin ya faɗi gabansa. Suka rufe shi da duka.

Na ga farar riga tana gudu daga hanyar kasuwa. Malam Idi ne, rawaninsa ya warware.

"Ku ji tsoron Allah! Dauda ne! Ku bari!"

Suka hankaɗe shi ya faɗi. Ya tashi, suka sake hankaɗe shi.

Damin iri yana ƙasa. Ba wanda ya kula da shi, ya yi musu ƙanƙanta. Sale ya sauko ya shure shi zuwa gaban bijimansa. Suka sunkuya suka ci. Ina kallo suka cinye irin kakana, yawu na zuba. Bayan an kwashe komai, sannan aka zo da jarkar fetur. A daidai lokacin aka kira azahar daga gabas. Kaɗan daga cikinsu ne suka ko waiga.

Na yi amai a cikin kunyar gona. Sannan na ja ciki na koma wurin Saratu. Ta dube ni. Ba ta tambaya ba.

Ƙasarmu ba daji ba ce. Gona tana manne da gona, kowace hanya tana ƙarewa a ƙofar wani. Ban san ƙofar da za ta buɗe ba, ban san wadda za ta nuna mu ba. Na tsaya a tsakiyar dawa, mutumin da ya san kowace iyaka a wurin, na rasa gabas. Saratu ta durƙusa da goyo. Ta ce, "Ubangiji, ba mu san hanya ba. Kai ka sani." Iyakar addu'ar ke nan. Ni bakina ya ƙi buɗewa.

Nufina mu bi hanyar shanu zuwa titi, ita ce mafi kusa. Yarinya ta ce ƙishirwa. Muka karkata zuwa ƙorama domin ta sha. Muna sunkuye a bakin ruwa muka ji babura a hanyar shanu, da ƙarar adda tana gogar ƙarfe. Suka wuce. Muka bi cikin ƙoramar, ruwa zuwa idon sawu.

Da la'asar yunwa ta kama yaran. Muka fita a wata gona da aka cire gyaɗa. Saratu ta tona da yatsu ta yi kala. Ɗanyar gyaɗa ce da ƙasa a jikinta. Ta cika haɓar zani. Muka ci. Na tuna abin da Baba ya roƙa da safe. Abincin ranar ya roƙa, ba na gobe ba. An ba mu shi.

Rana ta yi sanyi muka kai kwalta. Motoci suka wuce. Wata bas ta tsaya. Direban yana da carbi a rataye a madubi. Ya dubi ƙafafunmu, ya dubi hayaƙin da ke bayanmu.

"Ku shiga. Ku sunkuyar da kai."

Bai tambaye mu sunanmu ba. Kafin magariba muna Watari, kusa da dam, a gidan yayan Saratu mai noman rani.

Muka yi rani a can. Na yi ƙwadago a gonakin tumatir da albasa. Ba mu kwana da yunwa ba, ba mu kuma ƙoshi ba. Yayan Saratu ya ara mini wani tudu da ruwan dam ba ya kaiwa. Ya ce in shuka gero idan damina ta faɗi. Na share shi. Iri ne ba ni da shi. Na kasuwa dogo ne, ba ya yi a irin wannan ƙasa. Kullum da safe ina yin addu'ar Baba, kalma da kalma. Wata rana da zuciya, wata rana da baki kawai.

Hadari ya fara haɗuwa sai ga Malam Idi a ƙofa, da ƙunshi a cikin tsohon buhu. Ya rame. Muka gaisa. Ya sha ruwa. Ya ce shi da 'ya'yansa suka binne Baba a bakin gonarmu, ƙarƙashin ɗorawa.

"Ban san addu'arku ba, Bitrus. Na dai ce Allah ya san bawansa."

Sannan ya ce, "Sale ya ji zan zo. Wai yana gaishe ka."

Na tofar da yawu a gefe. Malam ya kwance buhun. Zangarniya ce gajera, cike, an ɗaure da igiyar kaba. Na gane ta tun kafin in taɓa.

"Na bara ne da Dauda ya ba ni. Na shuka, na ware. Ɓeran bai ci ba."

Ruwa ya sauka, muka shuka. Ya tsiro. Ya nuna da wuri, kamar yadda ya saba. Da kaka na shimfiɗa tabarma na kwance dami. Na ware na coci. Na ware irin gida. A kan na uku hannuna ya tsaya. Na daɗe a zaune ina tunanin wanda zai iya zuwa ya roƙa. Sannan na ware shi, domin doka ce. Amma zangarniyar da ba ta cika ba na zaɓa, ba wanda ya hana ni.

Saratu ta daka na huɗu ta yi tuwo. Mu biyar muka fita ta dangar nan. Mu huɗu muka ci.