Na Kankare Dala Dubu Uku da Hannuna

Jama'a, yau na gano na kankare dala dubu uku da hannuna!

Kun san tsohon Baturen nan maƙwabcina a unguwar Glenwood, wanda nake yanke wa ciyawa? Da zai koma gidan 'yarsa sai ya ba ni wata tsohuwar bindiga kyauta. Ya ce ta sojan Jamus ce, babansa ya zo da ita daga yaƙin duniya.

Na ce zan sayar. Maiɗakina ta ce, "Haba Alhaji, wa yake kai kaya kasuwa da dauɗa?" Jiya ta kawo lemon tsami da soson ƙarfe, muka hau dirza. Har wani ɗan tambarin mikiya da ke jikin ƙarfen na kankare tas, don ba na son hoto a ɗaki. Katakon kuma na shafe shi da fenti. Ta fito tana sheƙi kamar kwanon amarya!

Yau na kai ta wani shagon tsofaffin kaya a titin High Point Road. Mai shagon ya juya ta, ya dafe kai.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Na bugi ƙirji na ce, "Ni ne!"

Ya ce masu tara irinta tambarin nan suke saye, da tsufan. Da ban taɓa ta ba, dubu uku ce. Yanzu ɗari biyu. Innalillahi!

Na buga wa Hajiya maiɗakina waya, na faɗa mata. Kun san me ta ce?

"Au, su Turawan ƙazanta suke saye?"