Malam Lawal da Allon Bakin Kududdufi

Ina shagona a bayan Babbar Kasuwa ranar Talata da hantsi Rifkatu ta shigo. Tela ce 'yar Filato, tana cikin waɗanda suka koyi zane a wurin Malam Lawal. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Baba Isyaku, Malam ya rasu da asuba." Na yi innalillahi, na kashe injin buga fosta.

Tare muka yi karatun zane da Lawal a jami'a, zamanin da ilimi ke da daraja. Na fi shi maki, ya fi ni sanin dalilin karatun. Da ya bar aikin gwamnati sai ya buɗe aji a zaurensa a unguwar Kambarawa, kowace Asabar, ga duk mai son shiga sana'ar: teloli, kafintoci, masu rubuta allon shaguna.

Sabon shiga ba ya taɓa fensir a makon farko. Buta Malam yake ajiye masa, ya ce, "Mi ya sa mariƙin yake nan? Wa zai ɗauka, tsoho ko yaro?" Yakan ce, "Zane ba ado ba ne. Wani ke da matsala, kai ka zo ka rage mashi." Duk abin da ɗalibi ya zana kuwa, sai an nuna wa Iya mai ƙosai ta ƙofar gida, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. In ta juya takardar ta ce, "Wanga kuma mine ne?" to an koma farko.

Akwai kududdufi a bayan unguwar da ke cin yara duk damina. Malam ya ba ajin aikin allon gargaɗi. Sau bakwai suna sakewa. Na ƙarshen babu rubutu, hannun yaro ne kawai a saman ruwa, da jan fenti. Iya ta duba, ta ce, "Ku tahi ku kafa shi." Daminar da ta biyo ba a ciro gawar kowa ba.

Sai soja suka ce za su miƙa mulki. Aikin fostar 'yan takara ya buɗe, ni kuma na rungume shi. Na same shi na ce, "Lawal, taso. Shekara nawa muna jiran a san da mu?" Ya ce, "Wa fostar za ta amfana?" Na ce fuska ce kawai, ba a tambayar wannan. Ya ce, "To ka tahi, ni ban iya ba." Na tafi da rabin ajinsa. Na koya musu goge tsufa daga fuskar ɗan takara.

Fostocina aka manna a kan allon kududdufin, wata bisa wata. Kowace safiya Malam yakan je da bokitin ruwa da wuƙa ya kankare. 'Yan bangar wata jam'iyya suka iske shi yana yi, suka karya masa haƙarƙari. Ba a kama kowa ba. Da na je duba shi na kasa neman gafararsa, sai na zauna ina zagin ƙasa. Ya bari na gama, ya ce, "Ƙyale ƙasa, Isyaku. Ka dai ce wa masu mannawa su rage sitaci, yana ɗaye fenti." Tun daga dukan nan bai sake miƙewa sosai ba.

Bayan sadakar uku na bi ta bakin kududdufin. Allon na rufe da fostocin taya waɗanda suka ci zaɓe murna, duk daga shagona, ga hadari ya fara haɗowa. Kada kowa ya neme ni da riƙe ajin, ba ni da bakin koyar da abin da Lawal ya koyar. Amma ranar Asabar mai zuwa da safe ina bakin kududdufin da bokiti. Rifkatu za ta kawo jan fenti. Wanda ya taɓa zama a zaurensa ya san wurin.

Allah Ya jiƙan Malam Lawal, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah Ya ba matarsa Malama Binta da 'ya'yansa huɗu haƙuri, Ya tsaya musu. Ya tsare yaran unguwar a daminar bana. Ni kuma Allah Ya yafe mini. Amin.