Tukunyar da Kwamishina Bai Wanke Ba

Ajinmu na jami'a ya fitar da manya, wannan ba na musu. Tattalin arziki da kimiyyar siyasa muka karanta, kuma yau idan ka leƙa zauren tsofaffin ɗalibai da muka buɗe a waya, ba abin da za ka gani sai taya murna. Wannan ya zama darakta, waccan banki ya ɗaga ta, wancan ya ci zaɓen ɗan majalisa. Ni kuwa ina nan Makera a Kaduna, ina koya wa 'yan sakandare dalilin da ke sa farashi ya hau, alhali albashina yana zaune inda na same shi.

Amma ina da muƙami ɗaya da ba wanda ya taɓa yin takara da ni a kansa. Ni ne mai ajiyar tukunya.

Tukunyar dalma ce, kunnenta ɗaya ya karye, gindinta ya yi baƙi ƙirin. A cikinta muke dafa garau-garau a ɗakin kwanan ɗalibai, shinkafa da wake da mai da yaji, duk wanda yunwa ta koro ya zo da cokalinsa. Dokarmu ita ce wanda ya fi kowa maki a jarrabawa shi zai wanke ta, don kada kansa ya kumbura. A lokacin na sha wankinta har hannuna ya yi kanta. Da muka gama karatu, mu da muka zauna a Kaduna muka ci gaba da al'adar. Duk wanda ya samu ƙarin girma, sai mu taru mu dafa, shi kuma ya tsuguna a bakin famfo ya wanke, mu zagaye shi muna yi masa tsiya. Tun da muka bar makaranta wankin bai sake zuwa kaina ba.

A gidan wata 'yar ajinmu muke taruwa, a unguwar Television. 'Yar Filato ce, manaja a banki, kuma ta wanke tukunyar nan har mun gaji da kallonta. Wani ɗan Binuwai da ya samu digirin dakta ya wanke ta da hular bikin yaye ɗalibai a kansa, jelar hular tana shiga kumfa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa wanke ta ba, abokina na ɗaki, wanda ya tashi a Tudun Wada. Ga baki, ga iya tara jama'a, amma makinsa bai taɓa kai shi bakin famfo ba. Idan ina wanki sai ya miƙe ƙafa yana sakace, ya ce, “Malam, goge nan gefen. Ni ranar da zan wanke tukunyar nan sai an faɗa a rediyo.”

Aka kuwa faɗa a rediyo. Jihar iyayensa ta naɗa shi kwamishina. Na yi murna har na shiga aji ina dariya ni kaɗai, yara suna kallona. Na kira shi muka sa rana, ya ce ko ana ruwan ƙanƙara zai zo.

Ranar na dafa da kaina, na yi ƙoƙari a kan yajin. Muka jira har abinci ya huce. Can sai ga baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida, muka miƙe muna gyara murya don fara tsiya. Wani mutum mai kwat ya fito, ya ce shi hadimin mai girma kwamishina ne, taro ya riƙe oga. Direba ya sauke kwali. Muka buɗe, sai ga sababbin tukwane a jere, masu murfin gilashi, kana ganin fuskarka a jikinsu.

“Oga ya ce ku huta da tsohuwar,” in ji hadimin.

Da mai masaukinmu ba ta taka mini ƙafa ba, da na faɗa wa bawan Allahn nan abin da zai kasa maimaitawa a ofis. Wai mu huta da tsohuwar. Mu muka ce masa mun gaji? Na sa tukunyar a buhu da dattinta, na ce ba mai wanke ta sai shi. Matata ta jure warin kwana biyu, sannan ta wanke ta a ɓoye, ni kuma na yi kamar ban gani ba.

Gaskiya ba tukunya ce ta dame ni ba. Tsoro na ji cewa na rasa abokina. Idan na kira sai hadimi ya ɗauka. Wata rana ina sayen burodi a Gonin Gora, ayarin motoci ya wuce zuwa Abuja da jiniya, na gane baƙar motar nan a tsakiya. Na ɗaga hannu da burodin kafin in tuna gilashin mai duhu ne. Mai burodi ya tambaye ni ko na san su, na ce a'a, ƙuda nake kora.

Haka muka yi shekaru. Sai aka rushe majalisar kwamishinoni, kuma da aka naɗa sababbi sunansa bai dawo ba. Zaurenmu na waya, da ya ƙware a taya murna, ya yi tsit. Wani ya rubuta, “Allah Ya sa haka ne mafi alheri,” sauran suka bi da amin.

Wata Asabar da la'asar yara suka ce ana sallama. Na fito na tarar da abokina yana sauka daga keke mai ƙafa uku, ya yi ƙiba, ya yi furfura. Muka gaisa kamar surukai.

“Malam, tukunyar tana nan?”

“Tana nan, ranka ya daɗe. Amma dokar ta waɗanda suka hau ce, ba ta waɗanda suka sauka ba.”

Ya yi dariya, sai dai ba ta kai idonsa ba. Na so in rama, na kuma rama, amma ban ji daɗin da na yi zato ba. Na shiga ciki na kira manajarmu. Ban gama bayani ba ta katse ni: “Malam, abeg ka daina dogon turanci. Ku taho da tukunyar.”

Muka tsallaka Television. Ɗan Binuwai ma ya zo. Na ɗora girki, da ruwa ya tsotse na ƙara wuta, na koma gefe na harɗe hannu.

“Malam, abin nan yana kamawa fa,” in ji mai masaukinmu.

“Na sani, Madam.”

Ta kalle ni, ta kalli abokina, ta koma ta zauna. Muka ci abin da ya tsira, yana ƙauri. Ƙanzon da ya rage a gindin tukunyar kuwa, ko birkila zai yi alfahari da shi.

Abokina ya cire babbar riga, ya rataya a reshen mangwaro, ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Aka miƙa masa soson ƙarfe. Muka zagaye shi. Ɗan Binuwai ya nemi mai girma kwamishina ya bayyana wa jama'a manufar gwamnati a kan ƙanzo. Madam ta ce a kafa kwamiti. Ni na miƙe ƙafa na ce, “Honorabul, goge nan gefen.” Ya yi dariya har soson ya faɗi, wannan karon ta gaske.

Da sauran suka shiga ciki, na tambaye shi abin da ya hana shi zuwa waccan ranar. Bai ɗago ba. Ya ce ba wani taro, tsoro ya ji a ɗauke shi hoto a tsugune, a yaɗa. Daga baya kuma kunya ta hana shi ɗaukar wayata. Ya ce duk shekarun nan ba wanda ya yi masa tsiya ko sau ɗaya, mutane suna fara dariya tun bai gama ba da labari ba.

Ya ci gaba da kankara, gumi yana ɗiga. Can ya tsaya.

“Kai, da gangan ka ƙona ta, ko?”

“Da na bar ta da sauƙi, da tuni ka gama ka tafi.”

Ya kalli cikin tukunyar. Sannan ya ja soson ya raba shi biyu, ya miƙo mini rabi. Na ce masa ni ba a ƙara mini girma ba. Ya ce shi ma haka. Na naɗe hannun riga na tsuguna kusa da shi, kuma har aka kira magariba ba mu ga gindin tukunyar ba.